Rundunonin Soja Mafiya Daɗewa A Duniya, Da Wadda Aka Haifa A Legas Da Sunan Hausa



Duk shekara ranar 6 ga watan Yuli sojojin ƙasa na Najeriya suna bikin ranarsu, kuma wanda ya lura da allunan da suke kafawa zai ga daga 1863 suke ƙirga shekarunsu. A bikin 2023 cewa suka yi sun cika shekara 160. To ita Najeriyar sai a 1914 aka haɗa ta, ta samu mulkin kai a 1960. Ta yaya ɗa zai girmi ubansa da shekara hamsin da ɗaya? Amsar tana nan cikin garin Legas da muke zaune, kuma da sunanmu a cikinta. Amma kafin mu zo gida bari mu leƙa waje mu ga yadda wasu ƙasashe suke ƙirga tsufan rundunoninsu, don sai an san mudun da ake awo da shi sannan a san ko hatsinmu ya cika.

Babu sojan da ke yin shekara ɗari biyu a duniya. Mutane suna mutuwa, kaki yana canzawa, an ajiye mashi an ɗauki bindiga, an sauka daga doki an hau mota. Abin da ke daɗewa shi ne suna, da tuta, da littafin da ake rubuta sunayen kurata, da kuma yadda tsoho yake miƙa wa sabo aiki ba tare da igiyar ta tsinke ba. A kan wannan igiyar ake duk wata gardama.

Waɗanda aka fi sani su ne masu gadin Fafaroma a fadar Batikan da ke birnin Rum, masu tufafin nan na ratsin shuɗi da ja da rawaya. Ranar 22 ga Janairu 1506 mutum 150 'yan ƙasar Suwizalan suka shiga Rum bisa gayyatar Fafaroma Julius na biyu. A wancan zamani 'yan Suwizalan sojan haya ne, duk sarkin da ke da kuɗi a Turai yana ɗaukarsu. Abin da ya ɗaukaka sunansu ya faru ne ranar 6 ga Mayu 1527, lokacin da mayaƙan Sarki Charles na biyar suka afka wa birnin suka washe shi. Masu gadin su 189 ne a ranar. Mutum 147 suka mutu suna tare hanya, sauran 42 suka sulale da Fafaroma Clement na bakwai ta wata hanya da ke cikin ganuwa har zuwa wani gida mai tsaro. Shi ya sa al'adarsu ita ce a rantsar da sababbin kurata ranar 6 ga Mayu. Yanzu adadinsu 135 ne, kuma dole ka zama namiji ɗan Suwizalan, ɗan ɗariƙar Katolika, marar aure lokacin shiga, mai shekara 19 zuwa 30, wanda ya riga ya samu horon soja a ƙasarsa. Kada ganin mashin da suke riƙewa ya ruɗi mutum, suna da bindigogi na zamani, musamman tun da aka harbi Fafaroma John Paul na biyu a 1981. Sai dai ko su igiyarsu ta taɓa tsinkewa. Bayan waccan ɓarna ta 1527 sai a 1548 aka sake kafa su, kuma an sake watsa su lokacin da Faransawa suka mamaye Rum a 1798.

Ingila tana da tarin irin waɗannan. Akwai dogaran sarki da Henry na bakwai ya kafa a 1485 bayan ya ci sarauta da yaƙi. Suna nan har yau, amma tsofaffin sojoji ne masu aikin biki, su ne ke zagaya ɗakunan ƙarƙashin majalisa da fitilu kafin sarki ya zo buɗe ta, al'adar da ta samo asali daga yunƙurin tarwatsa majalisar da albarushi a 1605. Akwai kuma wata ƙungiyar 'yan igwa ta birnin Landan da Henry na takwas ya ba takardar izini a 1537, su kam har Iraƙi da Afganistan an tura mutanensu, ko da yake sojojin ko-ta-kwana ne, ba na kullum ba.

Cikin sojojin kullum na Ingila, waɗanda suka fi daɗewa ba tare da an taɓa rushe su ba, su ne Dogaran Coldstream, kuma labarinsu ya fi ba ni sha'awa saboda yana nuna dabarar da ake yi don kada igiya ta tsinke. An kafa su a 1650 ƙarƙashin wani kanar mai suna George Monck, a lokacin da Ingila ba ta da sarki, don an fille kan Sarki Charles na ɗaya shekara guda kafin nan. Wato asalinsu sojojin masu adawa da sarauta ne. Da al'amura suka rikice bayan mutuwar Cromwell, Monck ya taso da su daga wani ƙauye mai suna Coldstream a kan iyakar Sukotlan ranar 1 ga Janairu 1660, suka taka har Landan, suka share hanyar dawo da ɗan sarkin da aka kashe kan gadon mulki. Sabon sarki ya sallami tsohuwar rundunar kaf, amma ya ga yana bukatar waɗannan. Sai ranar 14 ga Fabrairu 1661 aka tara su a fili, aka ce su ajiye makamai a ƙasa a matsayinsu na sojojin tsohuwar gwamnati, nan take kuma aka ce su ɗauka a matsayin sojojin sarki. Tsakanin ajiyewa da ɗauka bai wuce ƙiftawar ido ba. Duk da haka, da aka zo jera girma, sai aka sa wata rundunar dogarai da aka kafa a 1656 a gabansu, don ita tun farko ta sarki ce. Abin bai yi musu daɗi ba har yau. Takensu yana nufin su ba na biyun kowa ba ne, kuma idan ana fareti sun gwammace su tsaya can ƙarshen layi da su tsaya a matsayi na biyu. Ku ji fa, rigimar wa ya girmi wa ba a kanmu aka fara ba.

Akwai wadda ta girme su, rundunar Royal Scots da aka kafa a 1633. Ta yi shekara 373 babu abokin gaban da ya gama da ita, sai a 2006 gwamnati ta haɗe ta da wasu don rage kashe kuɗi. Alƙalami ya yi abin da igwa ta kasa.

Idan aka koma ƙasar Sifen, suna da runduna ta ɗaya ta sojan ƙasa wadda suke cewa asalinta tun 1248, shekarar da Sarki Fernando na uku ya karɓe birnin Ishbiliya daga hannun Musulmin Andalus. Takardun da ke tabbatar da ita dai daga 1634 suka fara, amma wani sarkinsu a ƙarni na 18 ya yanke gardama ya laƙaba mata suna mai ma'anar wadda ba a tuna farkonta. Ita ke gadin hedikwatar sojan ƙasa a Madrid. Su kuwa 'yan Siwidin, dogaran sarkinsu suna ƙirgawa daga 1521, lokacin da mutanen lardin Dalarna suka zaɓi samari 16 su tsare Gustav Vasa, wanda daga baya ya zama sarki. Turkiyya ta fi kowa zurfafawa: a jikin tambarin sojanta na ƙasa an rubuta shekara ta 209 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wai zamanin wani sarki mai suna Mete Han a tsakiyar Asiya. A ganina wannan alfahari ne na ƙasa, ba igiya ce da za a iya bi da hannu ba. Rundunar da Turkawa suka yi suna da ita da gaske, wato Janisari ta Daular Usmaniyya, Sarki Mahmud na biyu ya murƙushe ta a 1826.

A nahiyarmu ta Afirka, dogaran Sarkin Maroko suna danganta kansu da 1088, zamanin Yusuf bin Tashfin na daular Murabiɗai. Abin da ya fi fitowa fili a tarihinsu shi ne rundunar baƙaƙen fata da Sarki Maulaya Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, ya tara. Da littafin Sahihul Bukhari ya rantsar da su, shi ya sa ake kiransu bayin Bukhari.

Akwai kuma rundunonin da suka girmi ƙasashensu, kuma nan ne muke matsowa kusa da gida. A Amurka akwai wasu rundunoni huɗu na jihar Massachusetts da ke ƙirgawa daga 13 ga Disamba 1636, shekara 140 kafin Amurka ta ayyana 'yancinta. A Indiya, mahaya dawakin da ke raka shugaban ƙasa, wani gwamnan kamfanin Ingilishi mai suna Warren Hastings ne ya kafa su a birnin Banaras a 1773. Sun yi wa Turawa gadi shekara 174, da aka raba ƙasar a 1947 aka raba su tsakanin Indiya da Pakistan, suka ci gaba da aiki. Indiyawa ba su ce tun da Bature ya kafa su sai a rushe ba, kuma ba su ɓoye wanda ya kafa su ba.

To ga namu.

A 1857 wani hafsan sojan ruwan Ingila, Laftanal John Hawley Glover, yana cikin tawagar Likita Baikie da ke binciken kogin Kwara. Jirginsu mai suna Dayspring ya bugi dutse ya lalace a kusa da Jebba. Wannan ya sa Glover ya bi ta ƙasa, ya ratsa ƙasar Yarbawa zuwa Legas. A wannan zirga-zirga ne ya haɗu da mutanen Arewa da ke cikin bauta a garuruwan Yarbawa, waɗanda yaƙe-yaƙen wancan ƙarni suka jefo su Kudu, aka sayar daga hannu zuwa hannu. Wasu suka gudu suka bi shi. Ranar 6 ga Agusta 1861 aka sa Sarkin Legas Dosunmu ya sa hannu ya miƙa garin ga Ingila, kuma ba da daɗewa ba Glover ya zama mai riƙe da mulkin garin. Sojojin da Ingila take da su a nan baƙaƙen fata ne da aka kwaso daga tsibiran Karibiyan, suna da tsada, kuma ba su da yawa. Sai Glover ya waiwayi mutanensa. Tarihin da rundunar sojan Najeriya take bayarwa da kanta ya ce a 1863 ya zaɓi mutum 18 'yan Arewa ya ba su horo da bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. A 1865 aka mayar da su runduna ta dindindin mai ɗauke da sunan Hausa, suna aikin soja da na 'yan sanda a haɗe.

Mu tsaya a kan kalmar Hausa ɗin nan, don kada mu ɗauki abin da ba namu kaɗai ba. A bakin Turawan wancan lokaci, duk wanda ya fito daga Arewa yana jin Hausa, Bahaushe ne. A cikinsu akwai Hausawa na asali, akwai Nufawa, da Barebari, da Gwarawa, da Zabarmawa, daga baya har da Yarbawa. Harshen ne ya haɗa su. Kuma yawancin na farkon ba 'ya'yan sarauta ba ne ko fatake, bayi ne da suka tsinke mari. Ga bawan da ya gudu, kaki shi ne takardar 'yancinsa, don ubangidansa ba shi da ikon shiga bariki ya kamo shi. Wannan ya sa masu bayi a Legas da kewaye suka tsani rundunar. Shi kuma Glover ya san abin da yake yi: mutumin da ba shi da dangi a gari, ba shi da wurin komawa, kuma yana da tabon bulalar mutanen garin a bayansa, ba zai yi nauyin hannu ba idan aka ce ya yi harbi. Mutanen Legas suna kiran gwamnan Goloba, su kuma sojojinsa suka laƙaba musu ɓarayi arba'in, saboda ƙorafin ƙwace a kasuwa da cin zali. Ba sunan yabo ba ne, kuma ban ga dalilin da zai sa mu ɓoye shi ba.

Aikinsu na farko da ya yi amo shi ne na Ikorodu a 1865, inda suka taimaka aka kori mayaƙan Egba da suka yi wa garin ƙawanya. Daga nan suna ya tafi. A yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 Glover ya kwashe su zuwa ƙasar da yanzu ake kira Gana, ya bi da su ta gefen kogin Volta, suka shiga Kumasi 'yan kwanaki bayan Janar Wolseley ya ƙone ta. A 1879 da mutanen wannan runduna aka kafa ta Gwalkwas, wadda ita ce tushen sojan ƙasa na Gana a yau. Saboda haka 'yan uwanmu na zangunan Akara da Kumasi suna da rabo a wannan labari, ko da yake zangon ya samo asali ne tun daga fataucin goro. Har Sarkin Beljiyam Leopold ya aiko aka ɗebar masa Hausawa daga wannan gaɓar teku a shekarun 1880 don kafa rundunarsa a Kwango, Jamusawa ma suka yi haka a Togo da Kamaru.

A nan gida kuwa, a watan Mayu 1892 suna cikin waɗanda suka yaƙi Ijebu a Imagbon, yaƙin da ya buɗe wa Ingila ƙofar ƙasar Yarbawa. A 1893 aka ajiye Kyaftin Bower a Badun da sojojin Hausa, mutumin da aka gina wa hasumiyar nan ta kan dutsen Oke Are, kuma da su ya yi wa garin Oyo ruwan igwa a 1895. Idan wani dattijon Bayarabe ya ce kakanninsa sun fara ganin Bahaushe ne riƙe da bindigar Bature, ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya, ko da yake fatakenmu da malamanmu sun riga sojan zuwa da daɗewa. A 1896 aka raba aikin gida biyu, 'yan sandan Legas daban, masu aikin soja daban. Shi ya sa 'yan sandan Najeriya ma idan suna ba da tarihinsu sai sun ambaci wannan runduna ta Hausa.

Ba ita kaɗai ba ce a ƙasar. Akwai wadda aka kafa a yankin Kalaba, akwai kuma ta kamfanin Neja da aka kafa a 1886, mai sansani a Lakwaja, wadda ta ci Bida da Ilori a 1897. A wannan shekarar aka ba Lugga aikin kafa sabuwar runduna don tare Faransawa, ita ce Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma. Zuwa 1901 duk an tattara su ƙarƙashin wannan suna, Hausawan Glover suka zama Bataliyar Legas.

Nan ne labarin yake da ɗaci a bakinmu. Reshen Arewa na wannan runduna shi ne ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Shi ya ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, kuma a Burmi ranar 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da ɗimbin jama'arsa. Turawan da suka zo Kano tare da Kanar Morland ba su kai hamsin ba. Sauran mutum ɗari bakwai da wani abu baƙaƙen fata ne, da yawansu da Hausa ake ba su umarni. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda zai yi alfahari da cewa sojan Najeriya da sunan Hausa ya fara, to ya haɗa da wannan ya riƙe. Wanda kuma zai kira su maciya amana, ya tuna cewa da yawansu daga garuruwan da aka kai wa hari aka kamo su suna yara, aka sayar. Ba su ga wata amana da aka riƙe musu ba. Ni dai ban iya zagin su ba, ban kuma iya yi musu kirari ba.

Da aka haɗa Kudu da Arewa a 1914 aka haɗa sojojin su ma suka zama runduna guda mai bataliya biyar: ta ɗaya a Kaduna, ta biyu a Lakwaja, ta uku a Kalaba, ta huɗu a Legas, ta biyar ta mahaya dawaki a Kano. Bataliya ta huɗun nan ita ce jikar Hausawan Glover kai tsaye. A shekarar aka fara yaƙin duniya na ɗaya. Harsashin farko da wani sojan Ingila ya harba a wannan yaƙi, ba a Turai aka harba shi ba, a Togo ne cikin watan Agusta 1914, kuma wanda ya harba shi Alhaji Gurunshi ne na rundunar Gwalkwas. Sojojin Najeriya suka yi yaƙin Kamaru har 1916, a Garwa da dutsen Mora da sauran wurare, sannan aka kai su Afirka ta Gabas. Daga wannan zamani ne aka samu Chari Maigumeri, wanda ya fara aikin soja a wajen Jamusawa, ya dawo wajen Ingilishi ya kai muƙamin samanja, ya yi yaƙin duniya na biyu ma. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi.

Yaƙin Hitila kuwa, tarihinsa yana rubuce a jikin allunan da muke wucewa kullum a cikin danfo ba mu kula ba. A 1941 birged ɗin Najeriya ya shiga Mogadishu ya kori Italiyawa har Harar ta ƙasar Habasha, shi ya sa ake da barikin Mogadishu a Abuja. Daga 1943 aka kwashi runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa Bama don yaƙar Japan a cikin daji da tsaunuka, galibi da kaya a ka. Barikin Arakan da ke Apapa sunan yankin da suka yi yaƙin ne. Barikin Myhaung da ke Yaba sunan garin da suka ƙwace ne a watan Janairu 1945. Haka barikin An, da na Tamandu, da na Letmauk a Badun, da na Dalet a Kaduna, duk wurare ne a Bama. Barikin Chindit na Zariya sunan wata runduna ce ta musamman da ake saukewa a bayan abokan gaba, wadda bataliya uku na Najeriya suka yi aiki a cikinta a 1944. Hatta barikin Dodan na Ikoyi, inda shugabannin mulkin soja suka zauna har aka koma Abuja a 1991, ba dodo ba ne kamar yadda wasu yaranmu suke zato, shi ma wani wuri ne a Bama. Na Bukavu a Kano kuma daga aikin kiyaye zaman lafiya na Kwango ne, 1960 zuwa 1964.

Duk tsawon wannan lokaci, har bayan yaƙin duniya na biyu, Hausa ce harshen bariki. Hafsan Bature sai ya koye ta, kurtu daga kowace ƙabila sai ya koye ta, har ta haifi irin tata Hausar da ake kira Barikanci. Kalmomin da muke faɗa ba tare da tunani ba, soja, kofur, saje, samanja, hafsa, bariki, fareti, duk ta wannan ƙofa suka shigo mana. Har yau kuma a jikin tambarin sojan ƙasa akwai rubutun Larabci mai ma'anar nasara daga Allah take.

Sunan ya ci gaba da canzawa, mutanen na nan. A 1956 da Sarauniya Elizabeth ta zo aka sa wa rundunar sunanta. A 1958 iko da ita ya dawo hannun gwamnatin Najeriya. A 1963 da ƙasa ta zama jamhuriya aka cire duk wani abin sarautar Ingila daga sunan, daidai lokacin da ta cika shekara ɗari. Baturen ƙarshe da ya shugabance ta ya tafi a 1965, Aguiyi-Ironsi ya karɓa. Kamar dai Dogaran Coldstream, an ajiye bindiga da sunan wata gwamnati an ɗauka da sunan wata, ba a taɓa cewa kowa ya tafi gida ba.

Ita bataliya ta huɗu tana Badun a 1966, kuma masifar wannan shekara ta bi ta kanta sau biyu. Kwamandanta, Laftanal Kanar Abogo Largema, yana cikin waɗanda aka kashe a daren 15 ga Janairu, a otal ɗin Ikoyi. Ranar 29 ga Yuli kuma sojojinta suna cikin waɗanda suka kama Ironsi da Fajuyi a gidan gwamnati na Badun. Da yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli 1967, ranar da yanzu ta zama ranar soja, rundunar da ba ta fi mutum dubu goma ba ta kumbura ta kai wajen dubu 250 kafin 1970. An yi ta yanka tsofaffin bataliyoyi ana haifar sababbi, lambobi suka cakuɗe. Saboda haka yau rundunar ce gaba ɗayanta take riƙe da shekarar 1863 a matsayin ranar haihuwa.

Wani zai ce ai dogaran sarakunanmu sun girmi Glover. Gaskiya ne, fadar Kano da ta Katsina da ta Zazzau da ta Shehun Barno sun daɗe da masu tsaronsu kafin wani Bature ya ga Kwara. Amma tun 1903 aka karɓe musu aikin yaƙi, 'yan dokan En'e da suka gaje su a aikin tsaro aka haɗe su da 'yan sandan tarayya bayan juyin mulkin 1966. Dogari na yau yana wajen waɗancan dogaran Ingila na 1485 ne, masu riƙe da al'ada, ba masu zuwa fagen fama ba.

Idan aka auna da mudun da muka fara da shi, 1863 ba ta kai 1506 ko 1650 ba, amma igiyarta ta fi ta wasu da ke ƙirga shekara dubu ƙwari, don ana iya bin ta daga suna zuwa suna ba tare da an yi tsalle ba. Kuma tana gaya mana wani abu game da zamanmu a nan. Dattawan Legas suna ba da labarin cewa unguwar Obalende ta fara ne da sojojin Hausa da aka tasa daga wani fili aka mayar can, kuma sunan da Yarbanci yana nufin sarki ne ya koro ni nan. Duk wanda ya ce Bahaushe jiya ya zo Legas, a nuna masa wannan cikin ruwan sanyi, ba da faɗa ba. Shi Glover ya bar Legas a 1872, ya mutu a 1885. Yana da titi a Ikoyi da babban ɗakin taro a tsibirin Legas da ke ɗauke da sunansa. Su kuwa mutum 18 ɗin, adadinsu kawai akan ambata.

Saboda haka muna roƙon duk wanda kakansa ko mahaifinsa ya yi aikin soja a zamanin Turawa, ya duba cikin tsofaffin akwatuna da adaka. Littafin sallama, ko hoto, ko lambar yabo, kada a bari yara su yi wasa da su ko a sayar wa 'yan gwangwan. Lambobin yaƙin duniya na ɗaya, idan aka juya gefensu, za a ga an buga sunan mai ita da lambarsa ta soja da bataliyarsa. A ɗauki hoton gaba da baya da gefen, a turo ta akwatin saƙon wannan shafi tare da sunan garin da mutumin ya fito. Za mu tattara su a ofishin ƙungiya, kuma ba za mu wallafa na kowa ba sai da izinin iyalansa.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya